Jirgin Jos da Gonar Baba Tagwai

Afiniki ta karanta takardar sau biyu tana tsaye a bakin ofishin tashar Kafanchan. An ba su tarago guda, nasu su kaɗai, zuwa Jos da dawowa. Ranar Asabar, sha takwas ga Mayu.

Zamani na gabanta cikin kakinsa na mai duba tikiti, ya tura hula baya, yana jiran ta yi tsallen murna.

"Fini, ba ki ce komai ba."

"Wa ya zaɓi wannan rana?"

"Sakatariyarku mana. Edna ce ta rubuto, ta ce ita kuka tsayar."

Afiniki ta jingina da bango.

"Zamani... ita ce ranar da Baba ya sa maka."

Murmushin ya bar fuskarsa a hankali. Bayan su wani injin na fitar da tururi, masu tallan ayaba na bin tagogi.

Shekara ta huɗu ke nan bayan yaƙin basasa. Afiniki malama ce a makarantar firamare ta mishan a Kafanchan, kuma ita ke jagorantar zumuntar mata a majami'arsu. Wata bakwai ta yi tana shirya wannan tafiya. Mata arba'in da biyu, matasa da tsofaffi, yawancinsu jirgi na wucewa ta bayan gidajensu kullum amma ba su taɓa sa ƙafa a cikinsa ba. Ta ƙudura sai ta kai su gidan tarihi na Jos sun ga kawunan yumɓun da aka tono a ƙasar Nok, nan kusa da su, da tsohon ƙaramin jirgin zamanin haƙar kuza, su dawo a yini guda.

Wajen neman lokutan jirgi ta haɗu da Zamani. A Jos aka haife shi, a barikin masu haƙar kuza, ubansa ya mutu can bai taɓa kai shi ƙauyensu ba. Ya san gidan tarihin ciki da waje. Ya zauna da ita a benci ya zana mata yadda yinin zai kasance: ƙarfe nawa za a tashi, inda tsofaffi za su huta, abin da za a fara gani kafin rana ta yi zafi. Ya ce shi zai yi musu jagora a ranar hutunsa. Kafin a gama tsara tafiyar, ya riga ya ce yana son ta, ita ma ta riga ta daina ɓoyewa.

Baba Tagwai, mahaifinta, dattijon ikkilisiya ne a Godogodo, kuma bai so maganar ba tun farko. Ya ce ma'aikacin reluwe ba shi da gida, yau Kafanchan, gobe Makurdi. Ya ce ya gaisa da yaron sau ɗaya, hannunsa kamar na jariri. Sai da mahaifiyarta, Mama Martha, ta yi makonni tana lallashi kafin ya sauko, ya kuma sauko ne da sharaɗi irin na gidansu: mai neman aure zai zo da 'yan'uwansa da abokansa, kowa da garmarsa, su yi wa uban yarinya huɗar gonar dawa a ranar da uban ya yanka. Ya yanka ranar, ya aiko da saƙo. Edna kuwa 'yar maƙwabtansu ce a Godogodo. Ta ji ranar kafin Afiniki ta ji. Ta kuma daɗe tana bin Zamani da ido a duk lokacin da ya zo taron shirin tafiya.

Suka shiga wurin shugaban tasha tare. Mutumin ya saurare su da mutunci, ya ce taragon daga babban ofis aka ware shi, da sunan Zamani a matsayin mai kula da shi, in aka saki wannan rana sai bayan damina, in ma an samu.

A kan hanyar fita Zamani ya tsaya.

"To a fasa. Gonar Baba ta fi."

Da Afiniki ta ce to, da labarin ya ƙare a nan da biki. Ba ta ce ba. Ta tuna mata sun riga sun ɗinka anko, fasto ya yi shela daga kan bagadi har sau uku, Mama Bernice mai shekara saba'in ta sayi takalmi na farko a rayuwarta saboda wannan tafiya. Ta tuna kuma yadda Edna za ta miƙe a taro ta ce ai dama ta san Malama ba za ta iya ba. Wannan na ƙarshen shi ya fi yi mata nauyi, kuma gaskiya ita ce girman kai ne, ba tausayin tsofaffi ba.

Hanya ta biyu ma a buɗe take. Motar Godogodo na tashi kullum. Da ta je ta durƙusa ta ce Baba ga abin da ya faru, zai yi faɗa, ya kira ta 'yar boko, wataƙila ya ɗaga ranar. Ta ji tsoron faɗan. Ta ce za ta je jibi, jibi ya zo ta ce gata.

Ana saura kwana biyar Zamani ya same ta a bakin makaranta bayan an tashi, fuskarsa a washe. Ya ce ya samo mafita. Akwai wasu 'yan ƙodago a Gidan Waya, mutum ashirin, ƙarti, aikinsu ke nan. Ya riga ya yi magana da shugabansu. Abokansa na tasha, in ji shi, rabinsu ba su san gaban garma da bayanta ba, za su ɓata wa Baba gona ne kawai. Waɗannan kuwa kafin azahar sun gama, kunya a miƙe kamar layin dogo.

"Baba zai ga ban raina shi ba," ya ce. "Na aika masa waɗanda suka fi kowa iyawa. Ko ya kika gani, ƙaunata?"

Afiniki ta san al'adar. A gidan aka haife ta. Tana ƙarama ta ga mijin yayarta ya yi wannan noma, ta ga an yi masa dariya da ya faɗi, ta ga Baba ya ɗaga shi da hannunsa. Ta san ba kunyar gona ake dubawa ba. Amma ya tsaya yana kallonta da irin wannan farin ciki, ga tafiyarta ta tsira, sai ta gaya wa kanta zamani ya canja, Baba ma ai yana sauraron rediyo.

"Ya yi," ta ce.

Asabar ta zo da sanyin safiya. Mata suka cika tarago da ƙullin dafaffiyar gyaɗa da gorunan kunu, aka yi addu'a, jirgi ya ja. Da ya fara hawan tudu suka ɓarke da waƙoƙin sujada, Edna ce ke ba da baiti, muryarta ta fi ta kowa daɗi. A gidan tarihi Zamani ya yi abin da ya iya. Ya tsayar da su gaban wani kan yumɓu mai huda a ido, ya ce wannan ya girmi kakan kakan kowa a nan, kuma daga ƙasarsu ya fito. Mama Bernice ta matsa kusa, ta ƙura masa ido, ta ce wannan ai ƙanen mijinta ne, har taurin kan, a tambaye shi ina akuyarta. Aka yi ta dariya har mai gadi ya leƙo. Ta ƙi shiga tsohon ƙaramin jirgin, ta ce wanda ya kawo ta ma da ƙyar ta yafe masa.

Afiniki ta yi dariya tare da su. Amma duk lokacin da ta ɗaga kai ta ga inda rana take, sai ta lissafa abin da ake yi a Godogodo.

A hanyar dawowa Edna ta zo ta zauna kusa da ita, ta ce tafiya ta yi kyau, Malama ta yi ƙoƙari. Sannan ta tambaya, da murya mai laushi, ko ba yau ne ake noma a gidansu ba.

Washegari bayan sujada Afiniki ta shiga mota. Ta tarar da Mama Martha a bayan ɗaki tana kankare manyan tukwane, ba ta ko ɗago ba. Da ƙyar ta ba ta labari. An yanka akuya. An tuƙa tuwon acca tun asuba. Kawunnai da gwaggwanni sun zo daga ƙauyuka uku don su ga surukin. Sai ga baƙi ashirin sun sauko daga mota, shugabansu ya yi sallama ya ce ina mai gona, a nuna musu iyaka, suna da wani aikin da yamma. Baba ya tambaya wane ne Zamani a cikinsu. Mutumin ya ce mai kakin nan? Ai yana Jos, ya kai mata yawo.

A gaban dangi duka ya faɗa.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya sa aka ba su abincin da aka dafa wa suruki, suka ci suka ƙoshi, ya sallame su ba tare da garma ɗaya ta taɓa ƙasarsa ba.

Yana zaune ƙarƙashin mangwaro da Littafi Mai Tsarki a cinya lokacin da ta je ta durƙusa. Ya bar ta a durƙushe har ƙafafunta suka yi sanyi.

"Shi ɗan bariki ne, bai sani ba," ya ce. "Ke fa?"

"Baba..."

"Kin sani ko ba ki sani ba?"

"Na sani, Baba."

Ya rufe Littafin, ya tashi ya shiga ɗaki.

Zamani da ya ji, bai tsaya neman wanda zai ɗora wa laifi ba, ko ita bai ce mata don me ba. Ya nemi hutun kwana uku, ya ari garma, ya sauka Godogodo ranar Talata shi kaɗai. Ya gai da Baba, Baba ya amsa. Ya ce ya zo noma, Baba ya nuna masa gonar da haɓa.

Bai iya ba. Kunyarsa ta farko ta karkace kamar maciji, yara suka taru a kan iyaka suna dariya. Kafin azahar tafukansa sun yi bororo, washegari suka fashe, ya yaga rigarsa ya naɗe su ya ci gaba. Afiniki ta bar makaranta ta zo, ita ke kai masa ruwa, ba wanda ya hana ta. Yana sha yana yi mata murmushi, yana cewa ta duba, ta yau ta fi ta jiya miƙewa. Ta ga Baba ya tsaya daga nesa yana kallonsa ya daɗe. Ranta ya fara ɗan sanyi. Ta yi addu'a irin wadda ba ta taɓa yi ba.

Ranar Alhamis da la'asar Baba ya aika aka kira maƙwabta da ƙannensa biyu. Aka kira Zamani daga gona, ya zo da ƙasa har gira. Baba ya shiga rumbu da kansa, ya fito da kwando cike da acca, ya ajiye a gabansa.

"Ka yi aiki kwana uku, ɗana. Ga naka."

Mama Martha ta juya ta shige ɗaki. Ƙannen Baba suka sunkuyar da kai.

Zamani ya durƙusa, ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya har sau uku. Ya waiwayo ya dubi Afiniki, idonsa na ƙyalli.

A gidansu ba a biyan suruki ladan noma. Guminsa shi ne gaisuwarsa. Ɗan ƙodago ake biya, in an biya shi kuwa an gama da shi, ba ya bin gidan komai, gidan ba ya bin sa. Duk wanda ke tsaye a wurin ya san haka, ban da mutum ɗaya.

Ta raka shi bakin hanya inda ake jiran mota. Yana ɗauke da kwandon a ka, yana ta magana. Ya ce ya ji Baba ya kira shi ɗana. Ya ce accar nan ba za a taɓa ta ba sai ranar biki. Ya ce za a ba shi ɗaki biyu a kwatas na ma'aikatan reluwe in ya yi aure, taga ɗaya na kallon dutse, za ta so shi.

"Zamani, sauke kwandon."

"Bai yi nauyi ba, Fini."

"Sauke, don Allah."

Ya sauke. Ta gaya masa abin da biyan ke nufi, a taƙaice, ba ta kalli fuskarsa ba. Ya dubi kwandon. Sannan ya sunkuya zai ɗauka.

"Bari in mayar masa."

"Ka riga ka karɓa. Da hannu biyu, a gaban mutane."

"To ki biyo ni. Akwai jirgin Makurdi gobe. Fasto mai ɗaura aure ko'ina akwai shi."

Ta girgiza kai. Ta ce ta kunyata tsohon nan sau ɗaya a gaban danginsa, ba za ta ƙara ba, ko da za ta mutu a ɗakin uwarta.

"Da kin gaya mini tun ranar nan a bakin makaranta," ya ce a hankali. "Kalma ɗaya, Fini."

Ta juya ta dubi hanya.

Motar Kafanchan ta tsaya, direba ya leƙo ya tambaya mutum nawa. Zamani ya ce ɗaya. Ya kama ƙarfen ƙofa, hannun ya ƙi riƙewa saboda ciwo, sai da wani fasinja ya jawo shi ciki. Direba ya nuna kwandon, ya ce wannan kayan fa, na wane ne?

Afiniki ta ɗaga shi da kanta ta miƙa.

"Nasa ne," ta ce. "Ya yi aikinsa."