Dutsen Yaya Seiyu

Da yamma Kaka Kamado ta aike ni gaɓa in ɗauko dutse. Wanda teku ta ci ba a ga gawarsa ba, dutse ake ɗaukowa daga inda ya nutse, kurwarsa ta biyo shi gida. Yayana Seiyu ne ya nutse, ranar da suku suka shigo.

Suku 'yan mitsi-mitsin kifi ne, masu ƙyallin azurfa. Sabon wata ke kawo su. Ranar farko ake kama su a zuba musu gishiri, tun ba su ɗanɗani ciyawar duwatsu ba. Da sun ci, cikinsu ya yi kore, sai ɗaci da wari, ba mai so.

"Ka shiga ruwan fa, Morihide," in ji Kaka. "Ban da na kan yashi, malalaci."

Ruwa ya janye. Na shiga har gwiwa. Ba iska, ba tsuntsu. Sai wata siririyar ƙara, ƙis-ƙis-ƙis, dubban bakuna na tsinkar ciyawa.

Warin ya yi yawa.

Kifin sun taru kan wani baƙin dutse mai doguwar ciyawa. Na sunkuya. Na miƙa hannu.

Ciyawar gashi ce.

Dutsen ya juyo. Kifi na kiwo a girarsa, a kunnensa. Kore ya tsiro masa har cikin baki.

"Mori," ya ce a hankali. "Uban barci. Sai yanzu?"

Muryar da yake tashina da ita ce.

"Yaya..."

"Ɗauke ni mana. Ba ni da nauyi yanzu."

Yatsu masu santsi suka kama idon sawuna.

Na fizge. Ƙayar kifi ta soke ni a ƙafa. Na faɗi, na sha ruwa, na rarrafa. Ban waiwaya ba.

A bakin hanya na tsinci wani dutse, na kai wa Kaka.

Ta jujjuya shi. Ta lasa. Ba gishiri.

Ba ta dube ni ba. Ta ajiye shi gaban hoton Yaya, ta kunna turare, ta ɗora awara fara fat, ba suku a kai yadda aka saba.

"Sannu da zuwa, Seiyu," ta ce wa dutsen hanya, da ƙarfi, don in ji.

Tun daga ranar, duk yammar da ruwa ya janye, sai ta ɗau sandarta ta nufi gaɓa ita kaɗai. Kumburin ƙafata ya daɗe da sacewa. Har yau ina zaune a ƙofa, ina kallon bayanta.