Idon Matar Bakin Tafki

An ɗauke wuta tun magariba. Tasalla da ƙanwarta Ummita suna kwance a ɗakin Yaya Furera, 'yar wan babansu. Yaya Furera ta kashe fitilar wayarta, ta yi ƙasa da murya.

"Kun san abin da ya sami idon Gwaggo Barira?"

Ɗakin Gwaggo Barira yana jikin wannan, bango ɗaya ne tsakani. Ita ba makauniya ba ce. Tana zura zare a allura ko da duhu-duhu. Tana tsince tsakuwar shinkafar da ba wanda ya gani. Amma in ka tsaya mata a bakin ƙofa, ba ta san kai ba ne.

"An ce ciwo ne," in ji Tasalla.

"Haka aka ce. Ku matso. Kuma kar in ji shi a bakin kowa."

Lokacin Barira tana kamar Tasalla a shekaru. Idonta garau. Daga ƙofar gida tana hango mai tahowa daga kasuwa, ta faɗi kalar hularsa. Yarinya ce marar magana. In ta shiga ɗaki sai a jima ba a san ta shigo ba. Ko ƙuda ba ya tashi in ta zauna kusa da shi.

Yayanta, Baffa Lawwali, yana da wata 'yar kyamara baƙa da ke shiga aljihu. Abokinsa Sadisu kuma yana da ƙatuwa, mai jaka guda ta idanu, a kwance wannan a ɗaura wancan. Su biyun ba sa ɗaukar biki, ba sa ɗaukar suna. Ƙwari suke ɗauka. Tururuwa, fara, gizo-gizo. Kullum da yamma suna zaure suna musu, Barira tana bayan ƙyaure da kofin ruwan da aka aiko ta da shi.

"Wannan akwatin ashanar taka," Sadisu zai ce. "Ido ɗaya, an liƙe shi. Ba ka cirewa, ba ka sauyawa. Ko janyo nesa ba ta iya ba."

"Ina da ƙafa. In ina son abu kusa, sai in taka."

"Taka mana. Ka taka wajen mazari mu ga ko zai jira ka."

"Kai fa? Kafin ka kwance wannan idon ka ɗaura wancan, ƙwaron ya yi aure ya haihu."

"Malam, tawa daga nesa take kamo gashin ƙafar ƙuda. Taka sai ka cusa masa ita a hanci."

"Tawa kullum tana aljihuna. Taka tana gida, kana tsoron ƙura ta shige ta."

Wata rana Lawwali ya nuna wa Sadisu yadda yake yi. Akwai wata alamar fure a jikin kyamarar. In ka danna ta, sai ka matsa har ya rage faɗin yatsa tsakaninka da abin. Ka ɗauke numfashi. In ta kama, za ta yi ƙara tit, wani koren layi ya zagaye abin a gilashin baya. Amma sai da haske sosai. Sai rana ta take.

"Kawo mini idon mazari da ita," in ji Sadisu. "Ranar zan yi shiru."

Lawwali ya yi ta gwadawa, mazari ba ya tsaya masa. Barira tana ji. A ranta ta san ita zai tsaya mata.

Ranar Juma'a maza duk suka tafi masallaci. Inna, uwarsu, tana tsaye a ƙofar gida tana sallamar wata maƙwabciya. Barira ta zare kyamarar daga aljihun rigar yayanta, ta ɓoye a cikin hijabi, ta bi ta gefen Inna ta wuce. Da ta yi nisa ta waiwaya. Inna tana nan tsaye, ta dafa ƙyaure, zani mai ruwan ɗorawa. Ba ta ma lura ba.

Ta bi hanyar lambu zuwa tafkin Marke. Rana tsaka. Inuwarta ta shige ƙarƙashin ƙafarta. Ba kowa a gonaki.

"Ita kaɗai?" Ummita ta tambaya.

"Ita kaɗai. Yi shiru."

Kullum bakin tafkin nan cike yake da mazari. Ranar babu ko ɗaya. Ba kukan tsuntsu. Ruwa kwance kamar faranti.

"Yarinya."

Muryar a cikin kunnenta ta ji ta, kamar wani ya jingino da kafaɗarta. Ta juya. Ba kowa. Can nesa, a gindin bishiyar marke, wata mata ce zaune a bakin ruwa. Ta sa ƙafa a ciki. Mayafinta kore mai sheƙi.

Barira ta gaishe ta. "Ina wuni, Inna."

"Lafiya. Mene ne a hannunki?"

"Abin hoto ne. Na yayana."

"Ɗauke ni."

Bakin matar yana motsi can nesa, maganar tana fitowa nan kusa. Barira ta lura. Amma ba ta ji tsoro ba. Ta ce ba ta ji komai ba, kamar dai jikinta ya yi barci.

"Ba ta janyo nesa, Inna. Sai na matso."

"To matso."

Ta matsa. Ta ɗaga kyamarar. A gilashi ga marke nan tas, ga ciyawa, ga ruwa. Wajen matar kawai ya yi dishi-dishi kamar hayaƙi. Idon kyamarar yana shiga yana fita, zzt, zzt. Ya ƙi kamawa.

"Ba ta kama ki ba."

"Matso."

Yanzu muryar ta ɗan ja baya. Kamar daga bayan bishiyar.

Ta ƙara matsawa. Ta san wurin nan, a nan suke wanki. Ruwan bai kai idon sawu ba. Amma ƙafar matar ta nutse har gwiwa, kuma ba a ganin tafin. Ruwan bai yi ko zobe ɗaya a jikinta ba.

Zzt. Zzt.

"Matso."

Muryar ta koma can, kamar daga cikin rijiya. Alhali ga matar nan, Barira tana iya miƙa hannu ta taɓa ta. Ba ta ƙamshi, ba ta wari. Ba ta ƙifta ido.

Barira ta ga yatsanta ya danna alamar fure. Ta durƙusa. Ta kai kyamarar saitin idon matar, har ya rage faɗin yatsa. Ta ɗauke numfashi yadda yayanta ya ce.

Tit.

Koren layi ya fito.

Ba idon mutum ba ne. Babu fari, babu baƙi. Ƙananan ɗakuna ne jere kamar saƙar zuma, ba sa ƙirguwa. Idon mazari. A cikin kowane ɗaki akwai wani abu ɗan mitsitsi. Wannan dutse ne a nesa. Wannan jirgin ruwa. Wannan garken shanu yana tahowa. Wannan hasumiyar wani gari da ba ta sani ba. Ɗaki ɗaya a gefe babu komai a ciki.

Ta danna. Ƙyas.

"Kin ɗauka?"

"Na ɗauka."

"To ki tsaya. Wanda ya ɗauki mutum, shi ma a ɗauke shi."

Matar ta ƙifta ido sau ɗaya. Ya yi ƙara irin ta kyamarar. Ƙyas.

"Na karɓi nesa," muryar ta ce, da ƙyar ake jin ta. "Na bar miki kusa. Ai shi kika zo nema."

Barira ta ɗago kai. Babu matar. Babu marke, babu tafki, babu hanya. Kore ne a sama, ruwan ƙasa a ƙasa, duk sun narke cikin juna. Ta duba hannunta. Ta ga kowane layi na fatarta, ta ga ƙwayar ƙura a gindin farce, tana da kusurwa kamar dutse.

Ba ta yi kuka ba. Ta zauna tana kallon farcen.

Can ta jiyo lasifikar masallaci. Ta bi sautin. Wani wurin da ƙafa, wani wurin da rarrafe, fuskarta dab da ƙasa tana bin sawun takalminta. Ta shiga gida kafin maza su dawo. Ta laluba rigar, ta mayar da kyamarar.

"Barira, ina kika shiga?" in ji Inna.

Wani abu ne dogo mai ruwan ɗorawa yake magana. Barira ta matsa, ta matsa, har hancinta ya kusa taɓa kumatun Inna. Ta ga ramukan fata. Ta ga furfura ɗaya. Ta ga tozali ya taru a gefen ido. Gutsure-gutsure. Ta kasa haɗa su su zama fuska.

"Ke lafiyarki?"

"Kaina ke ciwo."

An kai ta asibiti, an ba ta tabarau. An yi rubutu, an yi hayaƙi. Ba abin da ya sauya. Duk wanda ya tambaye ta sai ta ce haka ta tashi ta gani.

Bayan kwanaki Lawwali ya ci karo da hoton a cikin kyamararsa. Ya ɗauka shi ya danna bai sani ba, ranar da yake bin mazari. Ya kira Sadisu. Barira tana bayan ƙyaure.

"Duba nan. Akwatin ashana ko?"

Sadisu ya karɓi kyamarar, ya kai ta kusa da idonsa. "Kai ka ɗauki wannan?"

"A'a, kakarka ce."

"Gefen ya ɗan yi laushi."

"Ka dai faɗa."

"To. Tana ɗauka. Amma sa'a ka ci."

Su digo-digo kawai suke gani a cikin ɗakunan, suna cewa hasken rana ne. Lawwali ya kai aka wanko hoton, ya manna a zaure. Da daddare Barira ta ciro shi ta kai idonta. Ita tana ganin ciki. Ga dutsen, ga jirgin, ga shanun. Ta nemi ɗakin nan na gefe da babu komai.

Ya cika. Ƙofar gidansu ce, daga nesa. Inna tana tsaye ta dafa ƙyaure, zani mai ruwan ɗorawa. Fuskarta gaba ɗaya.

Yaya Furera ta gyara kwanciya. Ana jin sauro.

"Amma ai lokacin da ta ɗauka ɗakin babu komai," in ji Tasalla.

"Ni ma na ce mata haka. Ta ce eh."

"Takardar nan da take sawa a ido da yamma..."

"Ita ce. Lawwali ya nema ya gaji. Tun da Inna ta rasu ba ta kwana sai da ita. Ni kaɗai ta gaya wa, shekarar da nake kwana ɗakinta, tana zazzaɓi. Da gari ya waye ta ce ba ta ce komai ba."

Ummita ta ja zani ta rufe ƙafarta.

"Saboda haka ku ji ni. Hanyar tafkin Marke, kar wadda ta bi ta ita kaɗai da rana tsaka. Ko an aike ki, ki nemi 'yar rakiya. In kuma kika ji murya a kunnenki, mai ita tana can nesa, kar ki amsa gaisuwa. Ki juya."

Tasalla ba ta yi barcin kirki ba. Da safe aka ba ta koko ta kai wa Gwaggo Barira. Ta tsaya a bakin ƙofa da kofin. Gwaggo tana zaune kan tabarma, takardar tana manne da idonta. Ta sauke ta a hankali, ta tura ƙarƙashin cinya. Ta juyo da fuska wajen ƙofa, tana kallon gefen Tasalla kaɗan.

"Wace ce nan?"

"Ni ce, Gwaggo."

"Matso in gan ki."

Kofin yana ƙona mata yatsu. Ta tsaya. Gwaggo tana jira.

Tasalla ta cire takalmi. Ta matsa, ta durƙusa, har ta ji numfashin Gwaggo a kumatunta. Gwaggo ta bi ta da ido a hankali, goshi, gira, hanci, haɓa.

"Girar Inna ce da ke," ta ce. "Sauran ban sani ba."

Ta karɓi kokon.