Gonar Roula a Cikin Kaset

Duk abin da ba za ka iya ɗauka da hannunka ka ɗora a kan kanta ba, ba naka ba ne, aro aka ba ka. Abin da kuwa ke cikin kwalinsa a gidanka naka ne har abada, ba ya ɓata, ba mai shigowa ya karɓe. Wannan ita ce aƙidar Thanasi Vlahos, mai shagon tsofaffin wasannin bidiyo a Geelong, kuma ya shekara talatin yana wa'azinta kyauta ga duk wanda ya shigo, har da masu tambayar hanya.

A kan wannan wa'azi Ewan Tindall ya faɗo wata Asabar da hantsi. Saurayi ne mai gyaran kwamfuta a wani ofis, mai gem, wato wasan bidiyo, har ɗari huɗu da ya saya ta intanet, ko ɗaya ba shi da kwali. Ya zo neman wani wasan tseren mota.

"Naka fa?" in ji Thanasi.

"Kamfanin ya janye shi. Jiya na buɗe, babu."

"Ka saya?"

"Na saya."

"Da kuɗi?"

"Da kuɗi."

Thanasi ya juya wajen ƙofar baya, fuskarsa cike da farin cikin da yake ƙoƙarin ɓoyewa. "Despina! Kawo kujera, an yi wa yaron nan rasuwa."

Ba kujera 'yar tasa ta kawo ba, kwalin gem ɗin ta kawo, don ta ji komai daga ciki. Ta hure ƙurar da ke kai ta miƙa masa. Ewan ya karɓa da hannu biyu kamar an ba shi jariri, ya manta abin da ya kawo shi.

"Kada ka kula Baba," ta ce. "Likitan haƙorinsa ma ya daina tambayarsa yaya aiki. In gem ɗin ya ƙi yi ka kira."

"Shagon?"

"Shagon ba ya ɗaga waya." Ta rubuta lamba a murfin kwalin ta ciki.

Gem ɗin ya yi lafiya lau. Duk da haka ya kira.

Kafin wata uku ta raɗa masa Ɗan Haya, shi kuma yana ce mata Desi, sunan da ba ta yarda kowa ya kira ta da shi ba. Ranar Lahadi da yamma sukan sayi kifi da soyayyen dankali su zauna bakin ruwa, tsuntsayen teku suna cin rabi. Sauran kwanakin waya ke aiki.

"Desi, yau na sayi kantar jera kaya. Kwalin da kika ba ni kaɗai ne a kai. Yana kewar 'yan'uwa."

"Ɗan Hayana, ka yi haƙuri. Arziki a hankali yake zuwa. Ka ci abinci?"

"Na ci. Ina tunaninki."

"Wannan tunanin naka ne ko shi ma kamfani zai iya janye shi?"

"Nawa ne. Da kwalinsa."

Thanasi bai ji daɗin wannan ciniki ba. Ranar da aka gayyaci Ewan cin gasasshen rago a bayan gida, sai da ya bari yaron ya cika baki da nama sannan ya tambaye shi.

"In ka mutu, me za ka bar wa 'ya'yanka? Lambar sirri?"

"Baba!"

"Tambaya ce. Ni in na faɗi yau, ga kanta nan. Shi kuwa in ya faɗi, kamfani zai aiko da ta'aziyya ya rufe asusun."

Thanasi yana da nasa ɗan takarar, Manolis, ɗan abokinsa, mai kwalaye ɗari tara a ɗaki mai sanyi, duk a cikin ledarsu, ba wanda aka taɓa buɗewa. Manolis bai taɓa buga ko ɗaya ba, kuma yana ganin wannan shi ne ƙololuwar ƙauna. Ya taɓa gayyatar Despina ta gani, ya ba ta safar hannu a bakin ƙofa. Da ta dawo ta ce, "Baba, mutumin nan in ya aure ni a leda zai sa ni." Thanasi ya ce aƙalla ba za ta ɓata ba.

Ana cikin haka Despina ta yi abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba. Ta ba Ewan aron wani tsohon kaset, da injinsa. Wasan noma ne. Mahaifiyarta Roula, wadda ta rasu Despina na da shekara goma sha uku, ta yi shekaru tana gina gona a ciki: gida, rijiya, gonar tumatir, shanu da awaki kowanne da sunansa. A faɗar mutanen gidan, gonar tana nan a cikin kaset ɗin yadda ta bar ta.

"Na Mama ne," ta ce. "Ina so ka san ta. Ka kula."

A shagon aka haife ta, don haka ba ta zaci akwai mai rai a duniya da bai san kaset irin wannan gona ɗaya yake riƙewa ba. Shi kuma Ewan ya tashi ne a zamanin da komai ka yi ana adana maka shi a wani wuri mai nisa, ko ka so ko ka ƙi. Ya ga gonar Roula, ya ji nauyin taka ta, ya ce bari ya fara tasa a gefe ya koyi wasan tukuna. Da ya zo ajiyewa, rubutu ya fito yana tambayarsa ko ya tabbata. Mutum ne da ya yi shekara ashirin yana danna "na yarda" ba tare da ya karanta ba. Ya danna.

Da ya sake kunnawa, babu gida, babu rijiya. Fili ne fetal da kaza ɗaya mai suna Desi.

Bai ɓoye ba. Ya je har gida ya faɗa a tsaye. Despina ba ta yi ihu ba, ta dai zauna a kan matakala ta rufe fuska. Thanasi ya buɗe masa ƙofar fita da ladabin da bai taɓa yi masa ba. Kaset ɗin ma ba wanda ya tuna ya karɓa.

"Desi, ba ni da abin cewa. Ki yafe mini."

"Desi, ko zagina ne ki yi."

Sai kwana na tara amsa ta zo. "Ka daina kirana da wannan sunan."

Manolis ya aiko da furanni, su ma a leda.

A mako na uku, da dabara ta ƙare masa, Ewan ya kwance kaset ɗin ko akwai abin da za a ceto. Babu. Amma ya ga batirin da ke riƙe da gonar sabo ne, an liƙe shi da dalma tsaf, ga wata 'yar takarda manne a gefe. Thanasi ba ya gyara komai sai ya manna takarda ya rubuta ranar, ko da tocilan ce. Ranar da ke jikin wannan ta zo ne shekara bakwai bayan rasuwar Roula.

Ewan ya daɗe yana kallonta. Ya san batir irin wannan in ya mutu, gona ta tafi da shi. Ke nan gonar Roula ta daɗe da ɓacewa, a cikin kwalinta, a kan kantar mijinta, ba tare da wani kamfani ya shigo ba. Wadda ya goge wani ne ya sake gina ta. Hoto ɗaya zai ɗauka ya tura wa Despina, laifinsa ya ragu da rabi, aƙidar tsohon kuma ta zube a gaban 'yarsa. Ya ɗauko wayar. Ya ajiye. Ya mayar da murfin ya ɗaure.

Ya je shagon ranar da ya san Despina tana kasuwa, ya ajiye kaset ɗin a kan tebur.

Thanasi ya juya shi, ya dubi kan kusoshin. "Ka buɗe."

"Na buɗe."

"Me ka gani?"

"Batir."

Tsohon ya zauna. Ya ce wata safiya ya kunna ya tarar ba komai. Ya ce wata biyu ya yi a bayan shago yana shuka tumatir, a wasan da ya tsana tun Roula na da rai, yana duba tsofaffin hotuna don ya tuna inda rijiya take. "Yarinyar tana kunnawa duk ranar haihuwar uwarta. Me zan ce mata?" Ya ɗago ya dubi Ewan. "Za ka gaya mata?"

"Ni na goge gonar, Mista Vlahos. Iyakar abin da na sani ke nan."

Thanasi ya dube shi kamar yadda yake duba kaset ɗin da aka kawo masa sayarwa, yana neman inda aka yi ha'inci. Bai samu ba.

Da yammar nan saƙo ya shigo. "Baba ya ce in kira ka. Bai taɓa cewa in kira kowa ba, har mai gyaran famfo. Me ka yi masa? Bakin ruwa, ƙarfe biyar."

Ta riga shi zuwa, da kifi ƙunshi biyu.

"Ka buɗe kaset ɗin, ko?" ta ce.

Ewan ya ce yana ganin za a yi ruwa.

"Ɗan Haya, ba ka iya ƙarya ba, kada ka fara da ni. Na sani tun ranar farko. Mama ta sa wa akuyar da ta fi taurin kai sunan surukarta. Wata shekara na kunna na tarar akuyar ta koma Fara. Baba zai iya shuka tumatir dubu, amma ba zai iya kiran akuya da sunan uwarsa ba."

"To kukan fa?"

"Ta Mama na riga na yi kukanta tuntuni, ni kaɗai. Wannan ta Baba ce. Wata biyu yana ce mini lissafin kaya yake yi." Ta share ido da bayan hannu. "Kuma na ji tsoronka. Mutumin da ke cewa eh bai karanta ba, ya zan yi da eh ɗin da zai faɗa a coci?"

"Wannan na karanta. Har ƙananan rubutun."

"Na san Baba ba ya gyara abu bai manna takarda ba. Me ya hana ka turo mini hotonta? Da ka wanke kanka."

"Ba tawa ba ce."

Ta tura masa dankalin gabansa. "Kada ya san na sani. Har abada."

"To."

"Ka ce Desi."

An ɗaura aure bayan Ista, a cocin da aka yi wa Despina baftisma. Aka ɗora musu kambi biyu da zare ɗaya ya haɗa, suka zaga teburin sau uku, tsofaffin mata suna watsa shinkafa da ƙarfin da ya wuce na albarka. Manolis ya zo, ya kawo kyautar gem a leda tare da roƙon kada a buɗe.

A wurin liyafa Thanasi ya miƙe da kofi a hannu. Ya ba mutum ɗari biyu labarin gonar matarsa, yadda ta zauna lafiya a gidansa shekara da shekaru ba abin da ya taɓa ta, har wannan yaro ya zo ya share ta da yatsa ɗaya. "Amma na yafe masa," ya ce. "Allah ya ba su zaman lafiya, ya ba su 'ya'ya masu karanta abu kafin su danna."

Aka ce amin, aka yi ta tafi saboda girman zuciyar tsohon. Wani kawun amarya ya ɗaga murya daga baya ya ce, "Magogi! Tashi ka yi godiya!" Dariya ta ɓarke, kuma duk wanda ya san garin nan ya san sunan ya zauna ke nan, har jikoki.

Ewan ya miƙe. Ta ƙarƙashin tebur Despina ta riƙe masa ɗan yatsa. Ya dubi surukinsa, wanda ya sunkuyar da kai yana gyara cokali.

"Na gode, Baba," ya ce. "Laifina ne."

Ya zauna, aka kawo rago.