Rumaisa da Ɗakin Gashi

A unguwar Yara da ke Keffi akwai wata yarinya 'yar aji biyar mai suna Rumaisa. Ba abin da take so kamar goyon ƙanwarta Hamdiya. In ta dawo daga makaranta, ko takalmi ba ta cirewa sai ta ɗauko zani.

Wata ranar Asabar ta sunkuya ta ɗaga jarkar ruwa da ta fi ƙarfinta. Nan take bayanta ya riƙe. Har ta buɗe baki za ta kira Umma, sai ta tuna maƙwabcinsu Baba Siman. Ya taɓa cewa da bayansa ya yi ciwo, gashi aka yi masa a asibiti.

Ita kuwa Rumaisa gashin masara ta sani, sai na tsire. Ta fasa kiran Umma.

Ciwo ya ƙi tafiya. In Hamdiya ta rarrafo tana miƙo hannu, sai Rumaisa ta ce, "Ina da aikin gida." A hankali Hamdiya ta daina miƙowa. Ta koma bayan Busayo, 'yar gidan da ke kusa da su. Rumaisa takan zauna a bakin ƙofa tana kallon su, kewar ɗumin ƙanwarta na damun ta.

Ran nan Umma ta gan ta tana sallar la'asar.

"Ke, me ya sami bayanki?"

"Ba komai, Umma."

"Ba komai ne ya sa kike ruku'u kamar kakata?"

Rumaisa ta fashe da kuka. "Don Allah kada ku kai ni a gasa ni."

Da Umma ta ji labarin, ta yi dariya har da hawaye, sannan ta rungume ta.

Washegari suka wuce kai tsaye wurin likitar gashin ƙashi, Anti Morayo. Rumaisa ta shiga tana leƙe-leƙe.

"Me kike nema, 'yata?"

"Garwashin, Anti."

"Garwashi yana wurin mai masara," in ji Anti Morayo tana murmushi. Ta sa ta ta miƙe, ta sunkuya, ta juya. Sai ta ɗora mata tawul mai ɗumi a baya. "To, ga gashin namu."

Rumaisa ta ji daɗi har ta lumshe ido.

"Ƙashinki lafiya lau, tsoka ce ta wahala. Da kin zo tun farko, da tuni kin warke. Yanzu ba goyo sai na ce."

Wannan maganar ta fi ciwon zafi. Amma kullum Rumaisa tana yin motsa jikin da aka koya mata. Ta kuma koyi durƙusawa kafin ta ɗaga kaya.

Ranar da Anti Morayo ta ce ta warke, da gudu ta shiga gida. Hamdiya ta dube ta, ta juyar da kai tana neman Busayo. Rumaisa ta matso kusa da ita. Ta durƙusa, ta ba ta baya, ta jira. Can sai ta ji 'yan hannuwa sun kamo wuyanta.

Umma ta gyara mata ɗaurin zanin ta ce, "In ba ki gane magana ba, ki tambaya. In kina ciwo, ki faɗa da wuri."

"To, Umma," in ji Rumaisa a hankali, don kada ta ta da Hamdiya da ta fara barci.