Gidan Gilashin da Kalilu Ya Saya

Ranar Talata, shida ga Afrilu, 2021, ƙarfe bakwai da minti biyar na yamma, Malam Alkasim ya tsaya a ƙofar gidan da Kalilu zai saya.

Shekara tara yana koyarwa a jami'a, har yau yana zaune a ciki da falo a unguwar Taman Melati, hawa na goma sha huɗu. Kalilu kuwa ɗalibinsa ne da ya watsar da karatu, ya koma tura kaya daga kasuwar Chow Kit zuwa gida Kano. Ga shi zai tare a gida ɗan shekara sittin: rufi shimfiɗaɗɗe, katako ruwan zuma, bango duk gilashi. Tun da hoton gidan ya faɗo wayar Alkasim, abinci bai ƙara yi masa daɗi ba. Neman aibu ya zo yi, ko tsaga ko yoyo.

Saboda annoba dillaliyar gidan ba ta zo ba, lambar buɗe ƙofa ta turo masa. Ya tuɓe takalmi, ya kai goshi ga na'urar auna zafin jiki da ke bakin ƙofa. Ta yi ƙara. Talatin da shida da rabi.

Bai yi sallama ba.

Ciki ƙamshin tsohon katako, da wani wari kamar na jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya shafa bango, ya leƙa kwabobi. Babu aibu. Ransa ya ƙara ɓaci.

Magariba ta kawo kai, gilashin ya zama madubi.

Na'urar ta yi ƙara a bayansa.

Ya waiga. Ba kowa.

Ta sake. Sau biyar ya ƙirga.

A cikin gilashin ya ga wasu mutane, su biyar, zaune a teburin cin abinci. A falon kuwa kujerun wayam. Ya gane kallon da suke yi masa. Irinsa shi ma yake yi wa hoton gidan nan.

"Kana da ɗumi," in ji wata murya, dab da kunnensa. "Kai kana fita."

Sanyi ya kama wuyan hannunsa.

Ya fizge. Ba takalmi ya kai titi.

Yana haki ya kira Kalilu. "Don Allah kada ka kai matarka Azumi da yaran nan biyu gidan nan!"

Kalilu ya yi dariya. "Haba Malam! Da na sayi mota ka ce injinta ya sha ruwa. Da na buɗe shago ka ce wurin ba ya ciniki. Wannan karon dai ka sa mana albarka."

Ranar Juma'a suka tare. Bayan mako uku wayarsu ta daina shiga. Maƙwabta suka ɗauka killace kansu suka yi, ba wanda ya ƙwanƙwasa.

Waɗanda suka rage su ne: Alkasim, wanda ya liƙe tagoginsa da jarida, dillaliya, wadda ta mayar da allon sayarwa, takalminsa a bakin ƙofa, sai na'urar, wadda duk magariba yanzu take ƙara sau tara.