Jinin Inna Dela Ya Ƙi Tsayawa

"Mu'azzam, ina Inna? Na zo gadonta babu kowa!"

"Mun dawo Roni tun da hantsi," ya ce a waya, murya ƙasa-ƙasa. "Ta ce ta gaji da ƙarin ruwa. Ummi Kulsum ta kirawo wanzami, ƙaho za a yi mata..."

Amna, wadda ta kira shi, ta san haɗarin hakan. A ɗakin gwaji na asibitin Kazaure da aka kwantar da Inna take aiki, kan na'urar da ake ɗiga wa jini ta zana yadda yake daskarewa. Na mai lafiya buɗewa yake kamar ludayi. Na Inna Dela, mahaifiyar saurayinta, siriri ya fito kamar tsinken tsintsiya. Zazzaɓin dengi, wanda sauro ke kawowa, ya tsinka shi, ko ƙwarzane aka yi mata ba lalle ya tsaya ba.

"Ka hana su, masoyina! Don Allah!"

"Wa zai ji maganata? Kin fa san Inna."

Ta san ta kuwa. Wata bakwai ke nan Inna ta kafe ɗanta ba zai auri mai wasa da jinin mutane ba, ga Ummi Kulsum, 'yar ƙaninta, kullum a gefen tabarma tana ƙara wa zance gishiri, don ita ma shi take so.

Amna ta sanar da likita, ta tare ɗan acaɓa. Budurwa ba ta taka gidan surukai kafin aure, kuma ta san in ta shiga an sami abin yi mata gori har abada. Tsoro ya cika ta, amma ta hau.

Ta tarar da Inna zaune a tsakar gida, bayanta a buɗe, Halliru wanzami ya tsuguna da aska.

"Baba, tsaya!"

Ta riƙe masa hannu.

"La'ilaha!" Ummi Kulsum ta tafa hannu. "Gwaggo, kin ga abin da nake faɗa miki? Har cikin gida, babu ko sallama!"

"Fitar mini daga gida," Inna ta ce ba tare da ta waiwayo ba. "Mataccen jini ne, fitar da shi za a yi."

"Zan fita, Inna. Amma Baba, tsaga nawa ka yi?"

"Ɗaya tak, 'yata."

"Duba ta."

Halliru ya goge da auduga. Jini ya sake tsatsowa. Ya danna, ya ɗaga, ya sake dannawa. Tsagar ba ta kai tsawon farce ba, amma har ta jiƙa bakin zane.

"Shekara talatin ina wannan sana'a," ya ce a hankali, yana naɗe askarsa. "Hajiya, da na yi sha biyun da na saba, sai dai wani zancen. Ku bi yarinyar nan."

Mu'azzam ya ruga neman mota. Amna ta sa safar hannu ta danne wurin, ba ta ɗaga ba har Kazaure.

Kwana huɗu ana yi wa Inna ƙarin jini kafin zanen na'urar ya fara buɗewa. Amna ba ta leƙa ɗakin ba, sai da aka aiko kiran ta. Ta durƙusa daga bakin ƙofa, Mu'azzam na tsaye ya kasa haɗa ido da kowa.

"Ke ce mai riƙe hannun dattijo a gidana?"

"Ni ce, Inna. Ki yafe mini."

"Da na sake korar ki fa?"

"Da na fita... in sake shigowa."

Inna ta daɗe tana kallon ta, sannan ta juya ga ɗanta.

"Kai kuma kana tsaye kamar turmi ana shirin yanka uwarka. Je ka gaya wa baffanninka su sayi goro, Asabar za su gidan su yarinyar nan." Ta miƙo hannu. "Ke, matso ki tashe ni zaune. Daga yau ke za ki riƙa ɗibar jinina, ban yarda da kowa ba."