Makulli na Uku

Sufeto bai gama shan shayinsa ba aka shigo masa da ƙara, kuma mutum biyu ne suka kawo ta, kowa da fuskarsa.

Ta farko wata dattijuwa ce mai farin tabarau, wadda duk unguwa ke kira Anti Nas, don a asibiti ta yi aiki har ta yi ritaya. Na biyu Mai Haya ne, mai gidajen haya a unguwar, mutum mai tumbi da ƙamshin turare, yana riƙe da kwalar rigar wani dogon mutum da kana gani ka san ya sha mari a hanya.

"An sace mana ƙofofi," in ji Anti Nas. "Goma sha biyu, ba a bar ko ɗaya ba."

"Ga ɓarawon na kawo muku, na rage muku wahala," in ji Mai Haya.

Sufeto ya daɗe a wannan aiki, kuma ba ya ƙaunar ɓarawon da aka kawo masa a naɗe kamar kyauta. Ya ce Sajan ya zaunar da dogon a bayan kanta, a ba shi ruwa, kada wanda ya sake taɓa shi.

Ga yadda abin yake. Mutanen unguwa sun gaji da wuce masu kwana a ƙarƙashin gada suna kau da kai, sai suka kafa kwamiti suka yi gidauniya don gina musu gida. Mahauta suka ɗauki nauyin rufi, teloli suka ɗauki tagogi, mata masu kayan miya suka yi karo-karo suka biya ƙofofi. Ɗaki goma sha biyu ne, da ƙaramin ofis inda Anti Nas za ta riƙa duba marasa lafiya tana nema wa masu ƙarfi aiki. Saura kaɗan a tare, sai ga wannan.

"Na kira taro da yamma," in ji Mai Haya. "A soke abin nan kowa ya huta. Mutanen da suka sace ƙofar ɗakinsu tun ba su shiga ba, in sun shiga sai su sace mu mu ma."

"Ba wanda zai soke," in ji Anti Nas, ba tare da ta dube shi ba. Amma ta san rabin masu ba da gudummawa sun riga sun fara ja da baya.

Sufeto ya tafi wurin ginin. Gida ne shuɗi, mai tsafta, ɗakuna a jere duk baki buɗe. Ya shafa gefen wata ƙofa, ya ga ba a ɓalle komai ba. Noti-noti aka kwance, a natse, ko fenti bai karce ba.

A ɗakin farko ya tarar da kwali a shimfiɗe da wani tsohon bargo a kai.

"Shimfiɗar ɓarawon ke nan, yallaɓai," in ji Mai Haya da ke biye da shi. "Da asuba na hango shi ta saman benena yana tura kura, ƙofofin a kai."

Ya nuna sabon benen da yake ginawa a tsallaken titi, wanda ba a gama ba tukuna.

Sufeto ya ɗaga bargon. Kwalin sumul yake, ba lanƙwasar kafaɗa, ba ramin ƙugu, ba alamar mutum ya taɓa kwanciya a kai. Ya juya shi, ya ga da'irar gindin gwangwani, ta koren fenti. Ya dubi shuɗin bango, ya sake duban kwalin, ya miƙa wa Sajan.

Ya koma caji ofis ya sa aka fito da dogon. Dogo ake ce masa, kuma shi kwamiti ya ba gadin ginin, da alkawarin ɗaki na uku.

"Ina ka kwana jiya?"

"A ginin, ranka ya daɗe."

"A kan me?"

"A kan kwalin nan."

"Kai da tsayinka, ka kwana a kwalin da bai kai gwiwarka ba, kuma bai lotsa ba?"

Dogo ya mayar da idonsa kan siminti.

"Ƙofa goma sha biyu aka kwance a gabanka, kai kana barci?"

"Barcina nauyi gare shi."

"Ƙaryarka ce ba ta da nauyi. Ka faɗa min gaskiya tun ina iya taimakonka."

Dogo ya kau da kai. Sufeto ya ji haushi, amma ya lura mutumin ba tsoron ɗauri yake ba. Wani abu daban yake ɓoyewa.

Ya nufi ƙarƙashin gada. Nan ya tarar da su zaune a inuwa, kowa da ƙunshinsa a gefe, ba wanda ya motsa don ya ga kaki. Wata tsohuwa ƙarama mai idanu kamar allura ce ta tare shi. Gwaggo suke ce mata, kuma a wurin nan maganarta ita ce doka.

"In kamu ka zo yi, ɗan nan, ka fara da ni. Na saba."

"Tambaya na zo yi, Gwaggo. Ina Dogo ya kwana jiya?"

"Nan, ga wurinsa can jikin ginshiƙi."

"To me ya sa ya ce min a ginin ya kwana?"

Ta yi tsaki. "Sakarai ne. Shekara da shekaru yana kwana motoci na wucewa ta kansa. Ka sa shi tsakanin bango huɗu shiru, sai numfashi ya ƙi. Yana tsoron in Anti ta ji, za ta ce bai cancanci ɗaki ba ta ba wani. Gara a ce masa ɓarawo da a ce bai iya kwana a ɗaki ba."

"Ana cewa ku kuka sace."

Gwaggo ta sa hannu cikin wuyan rigarta ta zaro wata igiya. Makulli ne rataye, sabo fil. Sauran ma, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zaro nasa.

"Ɗaki na bakwai," ta ce. "Ranar gidauniyar ƙarshe aka rataya min. Tun da mijina ya mutu aka fitar da kayana titi ban sake riƙe makullin komai ba. Ni zan sace ƙofar da nake kwana da makullinta a ƙirji? Ka je ka gaya wa masu taron yamma, ko da labulen buhu ne sai na shiga ɗakin nan."

Sufeto ya daɗe yana kallon makullan. Daga nan ya wuce shagon Kafinta, wanda ya yi ƙofofin. Ya tarar da Anti Nas a can, tana tambayar ko za a samu ƙofa ko da ɗaya ce bashi.

"Kowace kuba makulli nawa take zuwa da shi?" in ji Sufeto.

"Uku, yallaɓai. Na ɗaure bibbiyu a hannun kowace ƙofa, na ofis ke nan. Na ukun na ba Anti."

"Kuma kowa ya ga an raba na ukun?"

"A ƙarshen taron gidauniya muka yi," in ji Anti Nas. "Kowace ƙungiya ta rataya wa nata mutanen da hannunta. Har mahauta sai da suka yi hawaye."

"Mai Haya yana wurin?"

Ta yi wata 'yar dariya maras daɗi. "Shi? Ya kawo gwangwanin shuɗin fenti guda, ya ɗaga shi sama aka ɗauke shi hoto, ya shiga mota. Ko kujera ba ta ɗumama ba."

Sufeto ya juya ga Kafinta. "Benen nasa fa, wa ya yi masa ƙofofi?"

"Ni ya kira. Na faɗi kuɗi, ya ce na cika tsada, ya kore ni. Har shekaranjiya ɗakunan sama a buɗe suke."

Kafin la'asar Sufeto ya samo takardar izinin bincike. Ya sa aka ɗauko Dogo daga ofis, aka biya gada aka kwaso sauran. Mutanen da suka taru a ƙofar shuɗin gida don taron sokewa suka ga ayari ya tsallaka titi, sai suka bi baya. Ba wanda ke son a ba shi labari.

Tun daga matakala warin fenti ya tare su. A saman benen, ɗakuna a jere, kowanne da koriyar ƙofa a kulle, fentin ko gama bushewa bai yi ba.

"Nawa ne," in ji Mai Haya, yana kaɗa wani tarin makullai. "Daga wani gari na sayo su. Ga makullansu, bibbiyu, duka a hannuna."

"Duka?"

"Duka, yallaɓai."

"Ba wani mahaluki da ke da makullin ƙofofin nan sai kai?"

"Wa zai samu? Ko matata ba ta da shi."

"Sajan, ka ji. Jama'a, kun ji." Sufeto ya matsa gefe. "Gwaggo, bismilla."

Ta zo a hankali, buhunta a kafaɗa. Ta gwada ƙofar farko, makulli ya ƙi. Ta gwada ta biyu, ya ƙi. Mai Haya ya fara murmushi yana duban jama'a. A ta huɗu, makullin ya shige ya juya, kuba ta yi ƙara, ƙofa ta buɗe.

Dogo ya fito ya bi layi da nasa, sauran suka biyo shi, sai ƙarar kuba kake ji nan da can har ƙofa goma sha biyu suka tsaya a buɗe.

Tarin makullan ya suɓuce daga hannun Mai Haya.

"Wa ya ba su?" ya ce.

"Ka bar taro da wuri ranar gidauniya," in ji Sufeto. "Wa ya kwance maka su?"

Bai ja da nisa ba. Leburorinsa biyu ya sa, ya ce musu kwamiti ne ya sayar masa. Kwalin da bargon shi ya shimfiɗa da hannunsa, don a ce mutanen gada ne.

"Masu kama hayar benen nan sun ce in waɗannan suka tare a gabansu, za su fasa," ya ce. "Dukiyata na zuba a ginin nan, yallaɓai."

"To da ka sace, me ya hana ka ɓoye su nesa?"

Ya sunkuyar da kai. "Katako ne mai kyau. Na ga asara ce."

Wani mahauci ya fashe da dariya, amma Anti Nas ba ta yi ba. Ta je wurin Dogo, wanda ya raɓe a lungu yana jiran hukuncinsa.

"Na ji labarin barcinka," ta ce. "Ɗaki na uku naka ne, ko ka kwana a ciki ko ka kwana a bakin ƙofa. Za mu bi shi a hankali. Aikin da aka buɗe ofishin don shi ke nan."

Sajan ya sa wa Mai Haya ankwa. Kafinta ya riga ya fito da sukudireba, masu taron sokewa kuma suka naɗe hannun riga, kowa na neman ƙofar da zai ɗauka. Suna saukowa, Kafinta ya ce zai kankare koren ya mayar da shuɗi kafin a tare.

"Ban da tawa," in ji Gwaggo.

Aka tsaya ana kallonta. Ta matsa kusa da motar 'yan sanda, inda ake ƙoƙarin cusa tumbin Mai Haya a kujerar baya.

"A bar min ita koriya. Ɗakina yana kallon benenka, maƙwabci. Duk ranar da aka sako ka, in ka leƙo da asuba, ita za ka fara gani, ni kuma ina ciki na kulle."

Ta mayar da makullin cikin rigarta. Sajan ya rufe ƙofar mota, direba ya ja, ita kuwa ta bi bayan ƙofarta zuwa tsallaken titi.